A Ingila ko rumbun gonarka sai da izini za ka mayar da shi gida

Duk wanda ya taɓa fita daga Leeds ko Bradford ya nausa arewa cikin tuddan Yorkshire Dales ya ga waɗansu gine-ginen dutse tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar makiyaya, babu gida kusa da su. Dubbai ne. A da manoma kan jibge busasshiyar ciyawa a samansu, su kwantar da shanu a ƙasa har sanyi ya wuce. Yanzu ana naɗe ciyawa cikin leda da tarakta, shanu sun koma manyan rumfunan ƙarfe, tsofaffin rumbunan kuwa an bar su, wasu har rufinsu ya rufta. Ƙasar na fama da ƙarancin gidaje, amma mai irin wannan gini ba shi da ikon ya fasa masa taga ya tare a ciki don kawai gonar gadonsa ce.

Tushen abin dokar tsara birane da karkara ce ta 1947. Tun daga lokacin mallakar ƙasa daban, ikon yin gini a kanta daban, kuma na biyun yana hannun ƙaramar hukuma. Sai a 2014 gwamnati ta sassauta wa manoma, ta buɗe ƙofar da yanzu ake kira rukunin Q. A ƙarƙashinsa ba sai ka nemi cikakken izini ba, za ka sanar da hukuma ne ta duba abubuwa ƙayyadaddu: hanyar shiga, haɗarin ambaliya, gurɓatar ƙasa, hayaniya, kamannin ginin, da ko haske zai wadaci ɗakuna. An ba ta kwana 56. Idan ta yi shiru har wa'adin ya cika, shirun nata amincewa ne. A Mayun 2024 aka ƙara faɗaɗawa, gona ɗaya za ta iya fitar da gida har 10, jimillarsu kada ta wuce murabba'in mita 1,000, kuma dole a gama aikin cikin shekara uku.

Sassaucin bai shafi wuraren da aka keɓe saboda kyawunsu ba, irin su Dales ɗin da na ambata, ko ginin da aka yi wa rajistar tarihi. Can sai cikakken izini. Sannan dole ginin ya zama yana da ƙwarin da zai ɗauki gyara. A 2016 Babbar Kotu ta yanke hukunci kan wata rumfar ƙarfe a yankin Rushcliffe kusa da Nottingham, wadda kusan duk gefunanta a buɗe suke, ta ce wanda zai zagaye ta da bango sabon gida zai gina, ba gyara ba. Shi kuma mai wayon da zai kafa rumbu bana don ya zama gida baɗi, an riga an tare shi: sai ya jira shekara 10.

Inda Bahaushe zai riƙe baki shi ne batun jemage da mujiya. Doka ta 1981 ta ba su kariya. Kafin ka taɓa rufi sai ƙwararre ya zo ya duba, idan ya ga alamar jemagu sai a yi zaman dare ana ƙirga masu fita, kuma ba a yin wannan sai tsakanin Mayu da Satumba. Ka makara, ka jira wata shekarar. Mujiyar da a garinmu in ta yi kuka a kan katanga ake jifa ana neman tsari, a nan akwati ake kafa mata, da kuɗin mai gida.

Kada a ɗauka wasa suke. Wani manomi a Surrey ya gina katafaren gida a ɓoye bayan tulin dammunan ciyawa, ya zauna ciki shekara huɗu da fatan lokacin kama shi ya wuce. An shafe shekaru ana shari'a, a 2016 dole ya rushe shi.

To mu ma ai muna da doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta bar na karkara a hannun ƙananan hukumomi. Akwai dokar tsara birane ta 1992. Kano na da hukumar tsara birni ta KNUPDA, Kaduna na da tata, KASUPDA. A takarda ba mu rasa komai ba. Amma ka je bayan gari, wajen Kumbotso ko Ungogo ko hanyar Gezawa, ka ga yadda gona ke zama unguwa. Magada sun raba gado, dillali ya zo da igiya da turaku, an yanka fuloti hamsin-hamsin, mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun karɓi na goro, shi ke nan. Awon igiya ke nan. Babu wanda ya ware wurin makaranta ko maƙabarta, babu magudanar ruwa, layi kuwa sai abin da ya rage bayan kowa ya ɗan ci taku biyu. Shekara goma sai ka tarar da dubban mutane a wurin da motar kashe gobara ba za ta iya juyawa ba.

Abin da ya fi damuna ba rashin tsarin ba ne kaɗai, lokacin da hukuma ke magana ne. A nan Ingila "a'a" tana zuwa tun kana riƙe da zane a takarda. Za ta ɓata maka rai, za ka yi asarar kuɗin mai zane da na mai ƙirga jemagu, amma bulo ɗinka yana nan, kuma za a rubuta maka dalili, kana da inda za ka ɗaukaka ƙara. A gida sau da yawa amsar kan zo ne bayan an yi rufi an sa ƙofa, da jan fenti a bango, katafila na biye. Wanda ya ga rusau ɗin Kano na 2023, ko na Kaduna a shekarun da suka gabace shi, ya san zancen. Mafi ciwo ma, wasu daga cikin waɗanda aka rushe wa suna riƙe da takardun da wata gwamnatin ta ba su. Idan izini yana mutuwa ranar da wanda ya sa hannu ya sauka daga mulki, da wane baki za ka ce wa talaka ya je ya bi layi ya nema?

Ba na cewa a kwaso tsarin Turawa a juye mana. Ina ganin aibinsa da idona. Kuɗin ƙwararru da na cire tsohon rufin asbestos da jawo wuta da ruwa da haƙa sokawe kan kori duk wanda aljihunsa bai yi nauyi ba. Manomi ya samu izini, darajar rumbu ta ninka, ya sayar wa mai kuɗi daga Manchester ko Landan da zai riƙa zuwa hutun ƙarshen mako. Ɗan makiyayin da aka haifa a kwarin kuwa ya koma haya a gari. A wannan fuskar awon igiya ya fi adalci, don ya ba mai faci da malamin firamare da bazawara mai sayar da ƙosai damar mallakar ɗaki biyu, suna ginawa a hankali, bana linta baɗi kwano. Duk tsarin da zai ƙwace wannan ba namu ba ne.

Abu biyu kawai zan so a ɗauka. A rubuta sharuɗɗan a taƙaice da Hausa, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar gidan dagaci: faɗin layi kaza, nisa daga rafi da wayar wuta kaza, kowace gona da za a yanka a bar kaso kaza na jama'a. Sannan a ɗaure hukuma da wa'adi, in ta wuce shi ba ta amsa ba an amince, kuma wanda ya gaje ta ba zai warware ba sai da diyya. Dillalai da masu unguwanni su ne ke tsara garuruwanmu a zahiri, gara a jawo su ciki a ba su ma'auni.

Mu mazauna waje kuma muna cikin manyan masu sayen waɗannan filaye. Mutum zai yi wata biyu a nan yana jiran amsar hukuma kan ƙarin ɗaki a bayan gidansa, bai ce uffan ba. Shi ne kuma zai ga bidiyon fili a WhatsApp, ƙaninsa ya ce "Yaya, wallahi wurin ya yi, in ka yi jinkiri za a riga ka", ya tura kuɗi kafin sallar isha'i, bai tambayi faɗin layin ba balle inda ruwa ke bi da damina.