Kwanon da Aka Ɓoye wa Sarauniya, Yau Shi Ake Nuna wa Sama

A shekarar 1954 Sarauniya Elizabet ta Biyu ta kai ziyara Ostareliya, motarta kuma ta bi ta hanyar da ta haɗa garin Shepparton da Mooroopna a jihar Biktoriya. A gefen hanyar nan, cikin fadamar kogin Goulburn, akwai unguwar 'yan asalin ƙasar, yawancinsu 'yan ƙabilar Yorta Yorta. Bukkokinsu na tsohon kwano ne da gwangwanayen kananzir da aka buɗe aka miƙar, sai buhuna da aka toshe ɓaraka da su. Hukuma ba ta so idon Sarauniya ya faɗa kan wannan abin kunya, sai ta sa aka kafa shingen algarara a bakin hanya. Mota ta wuce, Sarauniya ta ga algarara.

Bayan shekara saba'in, a 2024, jikokin mutanen da aka ɓoye suka buɗe cibiyar ilimi da al'adu a garin na Shepparton, mai suna Munarra, wato tsawa a harshensu. Rufin ginin na ƙarfe ne, an kuma tsara shi yadda in mutum ya leƙo daga sama zai ga tutar Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar: rabi baƙi, rabi ja, da da'irar rawaya a tsakiya.

Da na ba wani abokina magini wannan labari, sai ya taɓe baki. Ya ce, "Haba Malam, gidan al'ada da rufin kwano? Ai kwano kayan Bature ne. In al'adarsu suke son rayawa, su rufa da ɓawon itace kamar kakanninsu." Wannan magana tana da farin jini, a can da nan, kuma ina ganin kuskure ce. Ba ƙaramin kuskure ba.

Gaskiya ne kwano daga Ingila ya fito. A Landan wani injiniya, Henry Robinson Palmer, ya yi masa rajista a 1829, 'yan mulkin mallaka kuma suka yi ta jigilarsa duk inda suka sa ƙafa, har da ƙasarmu. To amma ta yaya Yorta Yorta suka shiga ƙarƙashinsa? An ƙwace musu ƙasa, an tara su a sansanin Cummeragunja a ɗaya gaɓar kogin Murray, inda manajan gwamnati ke auna musu abinci, yana iko da shigarsu da fitarsu. A watan Fabrairun 1939 mutum wajen 200 suka ce sun gaji, suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka ƙetare kogi. Da yawansu a wannan fadama suka yada zango, suna aikin tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Turawa. Abin da suka tsinta a juji da shi suka yi ɗaki. A ƙarƙashin wannan kwano aka haifi 'ya'ya, aka yi jinya, aka yi makoki, aka yi taron neman 'yanci. Wanda zai ce kwano ba ya cikin tarihinsu, sai ya fara goge wannan zamani gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da abokina bai sani ba, da ya sani da bai yi saurin magana ba. Yorta Yorta sun kai ƙara kotu suna neman a tabbatar musu da haƙƙin ƙasar kakanninsu. A 1998 alƙali Olney ya kori ƙarar, a kan cewa guguwar tarihi ta riga ta share riƙonsu da dokoki da al'adun gargajiya. A 2002 kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da hukuncin. A taƙaice, an hana su zama yadda kakanninsu suka zauna, sannan aka ce tunda ba haka suke zaune ba, ba su da haƙƙi. An doke ka an hana ka kuka ke nan. Duk mai cewa sai sun rufa da ɓawon itace kafin ya yarda gidan nasu ne, bakinsa ɗaya da wancan alƙali, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa. Yana son Aborijin na cikin hoto, wanda bai san biro ba balle kwamfuta.

A wurina abin da ke mai da gini na mutane shi ne wa ya zauna aka yanke shawara, wa ya riƙe guduma, wa zai riƙe makulli. A nan Munarra ta yi abin a yaba. Tunanin ya fito ne daga cikin al'ummar, ƙarƙashin dattijonsu Paul Briggs da ƙungiyar ƙwallon Rumbalara, wadda ginin ke maƙwabtaka da filinta. Gwamnatin Biktoriya da Jami'ar Melbourne suka sa kuɗi, kamfanin ARM ya zana, aikin ginin kuma aka ba kamfanin da yawancin jarinsa na 'yan asalin ƙasar ne. A gwada da 1958, lokacin da hukuma ta kwashe mutanen fadama ta zuba su a ƙananan gidajen kankare a Rumbalara. Kankare ya fi tsohon kwano ƙarfi, amma ba wanda ya tambaye su ko haka suke so.

Ba a Shepparton aka fara ba. Tun 1990 aka buɗe cibiyar Brambuk a duwatsun Gariwerd, wadda Gregory Burgess ya zana tare da al'ummomin Aborijin na yankin, rufin kwanonta yana lanƙwasa yana tashi kamar fiffiken tsuntsu. A can arewa, a Yirrkala, Glenn Murcutt ya yi wa mai zane Banduk Marika gida mai rufin kwano a 1994, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya bar masa kafofin da iska mai zafi za ta fice ta sama. Murcutt ɗin nan shi ya ci lambar Pritzker a 2002, mafi girma a sana'ar zanen gini, kuma akasarin aikinsa da kwano ne.

Dalilan zaɓen ƙarfe a wannan ƙasa ba ɓoyayyu ba ne. Wutar daji ta watan Fabrairun 2009 kaɗai ta kashe mutum 173 a Biktoriya, kuma tartsatsin da iska ke ɗaukowa ba ya kama kwano. Gara ba ta cinsa. Ba shi da nauyi, ana iya loda shi a mota a kai shi ƙauyen da ke nesa da kowa, yana kuma tara ruwan sama.

Na san abin da ke ran mai karatu, don ni ma a ƙarƙashin kwano na yi firamare. Ajinmu babu silin. In watan Afrilu ya kama, daga sha ɗaya na safe kai kake ji kamar an ɗora maka murhu, malam yana rubutu a allo gumi na ɗiga daga haɓarsa. In kuma ruwa ya sauko, karatu ya ƙare, don ko ihu malam ya yi ba mai jinsa, sai mu zauna muna kallon bakinsa. Farkon wata damina iska ta yaye rabin rufin ta ajiye shi a gonar maƙwabta, ƙusoshin suna tsaye a jikin katako ba su san abin da ya faru ba. Saboda haka ba na zargin Bahaushen da ya ji an ce kwano ya tuna da azaba, ya yi kewar sanyin soro.

Sai dai laifin ba na ƙarfe ba ne, na ƙwauron aiki ne. Kwanon da ake rufi da shi a Ostareliya, irin wanda ake yi da sunan Colorbond tun 1966, ana lulluɓe shi da haɗin alminiyam da zinki don kada ya yi tsatsa, sannan a gasa masa fenti a masana'anta. Kaurinsa ya kusa rabin milimita, ba irin langa-langar da yaro zai naɗe da hannu ba. Da sukurori ake ɗaure shi. A ƙarƙashinsa kuma ana shimfiɗa bargon da ke tare zafi da ƙara, a bar sarari iska ta bi, a fitar da bakin rufi ya yi wa bango inuwa. Duk abin da aka hana ajinmu ke nan.

Duk da haka ina da ƙorafi, kuma ba zan haɗiye shi ba. Rabin tutar baƙi ne, kowane kafinta kuma ya san baƙin rufi ya fi fari shan rana. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40, abin da aka samu na alfahari sai an biya shi da ƙarin bargo ko kuɗin lantarki. Sannan tutar da ke kan rufi, tsuntsu da mai jirgi ne ke ganinta, yarinyar da ta zo koyon harshen kakarta ta ƙofa take shiga. Na fahimci dalili. Mutanen da aka taɓa yi wa shinge don kada a gan su suna da hujjar yin abin da ko tauraron ɗan'adam ba zai tsallake ba. Amma gwamnatoci sun fi son yanka kintinkiri a kan biyan albashin malamin harshe shekara bayan shekara, kuma rufi mai kyau a hoto yana sauƙaƙa musu wannan hali.

Babban ƙorafin kuwa yana can ƙarƙashin ƙasa. Ostareliya ce ta fi kowace ƙasa fitar da tama, akasarinta daga yankin Pilbara, ƙasar wasu ƙabilun Aborijin. A watan Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya sa nakiya ya tarwatsa kogon dutse guda biyu a Juukan don faɗaɗa mahaƙarsa, wuraren da aka samu shaidar zaman ɗan'adam na shekara 46,000. Masu wurin, ƙabilun Puutu Kunti Kurrama da Pinikura, sun roƙa a dakata, ba a dakata ba, kuma doka ta ba kamfanin izini. Ban ce daga wannan rami aka samo kwanon Shepparton ba. Amma sana'ar da ke alfahari da rufa wa al'adar Aborijin asiri a kudu tana cin abinci daga sana'ar da ta rushe ta a yamma. Shugaban Rio Tinto ya sauka daga muƙaminsa bayan surutun duniya. Jihar Yammacin Ostareliya ta yi sabuwar dokar kare irin waɗannan wurare, ta fara aiki a watan Yulin 2023. Manoma da masu filaye suka yi ca, cikin makonni kaɗan gwamnati ta ba da haƙuri ta ce ta janye ta.