Mota ba tukunya ba ce, in ji makanike

Tun da na dawo daga gareji jiya da la'asar zuciyata ba ta daina tafasa ba. Na yi alwala, na sha ruwan sanyi, na kwanta, duk a banza. Bari dai in amayar da abin da ke cikina ko na samu barci.

Shekara biyu ke nan da muka sayi motar nan ni da Malam. Irin ta Turawan nan ce mai ɗaki a baya, da gado da ɗan kicin da makewayi, Fiat Ducato mai shan gas, tsohuwa 'yar Kwatano. Kuɗin sallamarsa na ritaya muka haɗa da adashena. 'Ya'ya sun watsu, ɗaya a Zariya, ɗaya a Jos, dangin mahaifiyata suna Damagaram, kuɗin otal ya fi ƙarfinmu, ni kuma na gaji da kwana a falon surukai. Muka ce mu riƙa tafiya da ɗakinmu kamar kunkuru.

Mun san ba mu san komai ba, shi ya sa muka duƙufa koyo. Idon Malam ya yi rauni, don haka karatun a kaina ya faɗa. Littafin motar da Jamusanci ya zo, ɗana ya nemo min na Turanci a intanet, na kai aka buga min shi. Dare da rana ina YouTube da tabarau a hanci. A nan na gane batir biyu ne a motar, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki, kuma akwai ɗan makunnin da ke raba su idan an kashe mota. Na koyi duba baƙin mai, na koyi zubar da ruwan da ke taruwa a matatar gas, na koyi hawa tsani in duba liƙin rufi kafin damina. Ni da a da ko safaya ban san inda take ba.

Wahalar da muka sha kuwa, duk mai mota a ƙasar nan ya san ta. Wani rewaya ya cire makunnin nan ya haɗa batiran kai tsaye, wai "Bature ne ya cika fi'ili". Fanka da firji suka shanye wuta cikin dare, muka wayi gari a bayan Kazaure muna roƙon 'yan ga-ruwa su tura mu. Wani ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya jefar, wai a ƙasar zafi ba shi da aiki. Wani ya liƙe min yoyon rufi da kwalta. Duk na shanye, kamar yadda na shanye shekara ashirin na tsohuwar fijo ɗinmu.

Amma na jiya ya wuce gona da iri.

Taimin bel muka kai a canza, wato robar nan mai haƙora da ke daidaita motsin inji. Shi wannan ko mota ba ta yi tafiya ba yana tsufa da shekaru, in kuwa ya tsinke ana cikin gudu, bawul da fistin ne za su yi karo, inji ya tashi aiki. Mun biya kuɗin sabo, da na ƙarfen da ke ɗaure shi, da na aiki, tun ranar Litinin. Malam ƙafarsa ta kumbura, sai na hau Adaidaita na je ɗauko motar da ɗan ƙanena.

Na sami makaniken a kan benci yana cin gurasa. Na yi sallama, ya amsa da baki cike. Ya ce, "Hajiya, an gama, ga makulli can."

Na ce, "Sannu da aiki, Malam. Don Allah a ba ni tsohon da aka cire, da kwalin sabon."

Ya daina tauna. Ya dube ni tun daga takalmi har mayafi, sannan ya dubi yaransa. Ya ce, "Me za ki yi da shi? Ɗamara?"

Yaran suka tuntsire da dariya. Na haɗiye. Na ce, "Kayana ne, ina son in gani."

Ya yi wa wani yaro inkiya da ido. Yaron ya shiga bayan rumfa, ya daɗe yana bincike, ya dawo da wata baƙar roba ya ajiye min a ƙasa. A ƙasa fa, ba a hannu ba. Na sunkuya da wannan gwiwar tawa na ɗauka. Ina juya ta na ga layuka ne a tsaye suna bin tsawonta, babu haƙori ko ɗaya.

Na ce, "Malam, wannan ai fanbel ne. Taimin bel haƙora gare shi a kwance."

Wallahi sai garejin ya yi tsit, har wanda ke buga guduma ya tsaya. Na zaci kunya za ta kama shi. Ina! Sai ya share hannu a wando, ya miƙe a hankali, ya ce, "Hajiya, mota fa ba tukunya ba ce. Shekarata talatin a wannan sana'a. Ki je ki turo maigidan, da maza nake magana."

Na ce, "Da ka karɓi kuɗi ranar Litinin, daga jakar wa suka fito?"

Ya ce, "To ki buɗe injin da kanki, tunda kin zama injiniya a waya."

Madalla da shekara talatin. Shekara talatin ana sana'a, amma ba a iya ƙaryar da za ta wuce tsohuwa mai tabarau ba. Da ma ka wahalar da kanka ka nemo tsohon bel mai haƙora, ka mutunta ni da yaudara mai kyau. Gaskiyarsa kuma, mota ba tukunya ba ce. Ni idan na ce na sa nama a tukunya, duk wanda ya buɗe zai ga nama. Na sa ɗan ƙanena ya kwance murfin a gabansa, ga tsohon bel ɗinmu nan daram, an goge masa baya da tsumma har yana ƙyalli. Abin da ya fito daga bakin mutumin nan shi ne, "Yaran nan ne, wallahi." Ba a ce yi haƙuri ba. Sauran masu motoci da ke wurin su ne ma suka taso min, "Hajiya, a yi haƙuri, a rufa asiri." Asirin wa?

Ni yanzu haushina ya ma wuce kansa. Wa ya koya masa? A gindin bishiya ya tashi yana miƙa sifana ga wanda shi ma a gindin bishiya ya koya. Makarantun koyon sana'a an bar su sun zama kufai, injinan ciki sun yi tsatsa, sai ranar yaye ɗalibai a share fili a yi jawabi. Babu mai tambayar makanike shaidar komai. Kayan jabu kuwa a kwali mai kyau suke shigowa ta tashar jirgin ruwa, a gaban hukumomin da ake biya albashi don su hana.

Abin da ya fi ci min rai, a Kanon nan aka taɓa haɗa manyan motocin Fiat. A Kaduna tun 1975 aka fara haɗa Peugeot, a Bauchi ma an taɓa haɗa Steyr. Yau ni ce ke yawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa zuwa Panteka, ina kiran 'yan kasuwar Ladipo ta Legas a waya, ina neman guntun robar da Bature ya gama da ita. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, wai don a farfaɗo da na gida. Ina na gidan? Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, naira ta bi bayansa, yanzu mai kayan mota sai ya duba farashin dala a waya kafin ya amsa sallamarka. Hanyar Abuja zuwa Kano tun 2018 ake aikinta, jikata da aka haifa a shekarar har ta iya karanta Fatiha. Ramuka su karya maka ƙafar mota, ka lallaɓa ka isa shinge, a leƙo ta taga a ce, "Hajiya, wannan gida ne ko mota? A kawo takardun duka biyun." Mu kuma mun iya kalma ɗaya tak, haƙuri. Wanda aka cuta shi ake ba, wanda ya yi cutar ya koma kan gurasarsa.

Da na faɗa wa Malam, shi ma abin da ya ce ke nan. Na ce masa na bar haƙurin a gareji tare da fanbel ɗinsu.

Kuɗina dai na karɓo rabi, sauran wai sai Juma'a. Na yi odar wani bel ɗin daga Legas, zai iso a motar dare. Kafin kowa ya taɓa shi sai na ɗiga masa jan farce a wuri uku, in ɗauki hoto, sannan in tafi da kujerata 'yar tsuguno in zauna a gaban injin har a ɗaure kusa ta ƙarshe.