Ku kalli fim ɗin Muzammil kafin ku tsine masa

Jama'a, abin da aka yi jiya a zauren WhatsApp na 'yan Mai Wurno, a nan Sudan, ya ɓata min rai. An yanko guntun bidiyo daga fim ɗin Sudan "Satamut fil Ishrin" (wato "Za Ka Mutu Kana Shekara Ashirin"), wurin da ake shan giya, aka turo, nan take aka hau tsinuwa: wai daraktan fim ɗin, Amjad Abu Alala, ya zagi shehunnai, ya sayar da mutuncin Sudan don Turawa su ba shi kyauta a bikin finafinai na Banis a 2019. Na tambaya wa ya kalle shi har ƙarshe, kowa ya yi gum.

Ba ku kalla ba, 'yan uwa. Da kun kalla da kun ga Sakina. Ranar da ta kai jaririnta Muzammil wurin shehu neman albarka, wani darwishi yana ƙirga ya yanke jiki ya faɗi a kan ashirin, gari ya yanke cewa a shekara ashirin kwanan yaron zai ƙare. Uban ya tsere. Ita ta sa baƙaƙen kaya tana takabar ɗan da ke numfashi a gabanta, tana zana kwanakinsa a bango. Yara suna kiransa ɗan mutuwa. Ya haddace Alƙur'ani, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake so ya zama. Ina zagin addini a nan? Ajali Allah kaɗai ya san shi, kuma mutanen ƙauyen nan na Jazira ne suka manta, suka binne yaro da baki tun yana raye.

Za ku ce akwai abin kunya a ciki. Akwai, ba na yara ba ne, an wuce wurin. Masu sharhin waje da suka mayar da shi kacokan labarin shekara 30 na mulkin Umar al-Bashir a Sudan, su ma sun tsallake uwar.

Mu nan ba ma yin haka? Yaro nawa aka ce wa "wannan ba zai yi albarka ba" tun yana rarrafe, har ya girma ya yarda? Wannan ne ya sa ni hawaye, wallahi. Ku zauna ku kalla tukuna.

Af, masu fassara finafinan Indiya a Kano, don Allah wani ya isar musu: ga fim ɗin da Sudan ta fara aikawa gasar Oscar, danginmu na Najeriya da Nijar ba su jin Larabcin nan, ku sa masa Hausa.