Mataki mafi wuya ba saurin yatsa ba ne

Jiya a fadarmu nan Yamai wani ƙanena yake cewa wai sake buga gem a mataki mafi wuya ɓata lokaci ne, tunda ka san labarin, abokan gaba kawai aka ƙara ma jini, sai mai saurin yatsa a manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga gem. Wallahi ba haka ba ne.

Ɗauki The Witcher 3 da ta fito a 2015. A mataki mai sauƙi in an ji ma Geralt, jarumin da kake bugawa da shi, ciwo sai ka zaunar da shi ya huta jininshi ya cika, amma a Death March, wato mataki mafi wuya, hutun nan ba ya maido jini, dole ka ci abinci ko ka sha magani, ka shafa ma takobi man da ya dace da dodon da za ka tara, ka sa garkuwar sihiri da ake kira Quen kafin ka shiga faɗa. Ni karon farko ko littafin dodanni ban taɓa buɗewa ba, sara kawai nake. Da na sake a Death March, dodannin ruwa uku a bakin gulbi suka kashe ni sau biyar, sannan na koyi kaucewa da haƙuri, na fara karanta raunin kowane dodo tun kafin in zare takobi.