Tire a bakin ƙofa

Daren jiya na karanta halin da wasu iyaye mata suke ciki a Japan, barci ya gagare ni. Uwa ta dafa abinci, ta ajiye tire a bakin ƙofar ɗakin ɗanta, ta ƙwanƙwasa ta wuce. Sai dare ya raba, gida ya yi tsit, sannan ya buɗe ya ja. Da safe ta tarar da kwanuka, da haka take sanin yana da rai.

Hikikomori suke kiran irin waɗannan 'ya'ya. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Saito Tamaki, shi ya yaɗa kalmar a 1998: mutumin da ya kulle kansa a gida wata 6 ko fiye, ba makaranta, ba aiki, ba aboki. A 2023 gwamnatinsu ta ƙiyasta sun kai miliyan 1.46. Wasu tun suna samari suka shiga ɗaki, yau sun haura 50, iyayensu masu shekara 80 ke ciyar da su. Wani jarrabawa ya faɗi, wani a makaranta aka yi ta cin zalinsa, wani aiki ya rasa, kunya ta hana shi haɗa ido da kowa. Kiristocin ƙasar kuwa kusan kashi 1 ne cikin 100. Mu sa su a addu'a, aikin ya fi ƙarfinsu.

Amma 'yan'uwana, ni kaina na tuhuma. Akwai wani yaro a zumuntar matasanmu da ya daina zuwa sujada wata bakwai ke nan. Me muka ce? "Ya ja da baya." "Lalaci ne." Ni da bakina na faɗa. Ko sau ɗaya ban taka gidansu ba.

Haba jama'a! Da Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, mala'ika bai yi masa faɗa ba. Taɓa shi ya yi, ya ce ya tashi ya ci, har sau biyu. Da almajirai suka kulle ƙofa don tsoro, Yesu ya shigo ya ce, "Salama a gare ku." Mu kuwa wa'azi muke riƙe da shi kamar bulala, muna jira yaron ya fito da ƙafarsa.

Ku je. In bai buɗe ba, ku gaishe shi ta bayan ƙofa, ku zauna da mahaifiyarsa, ita ma ta gaji. Mako mai zuwa ku koma. Don Allah ku je. Ni yau da yamma zan tafi, Ubangiji ya gafarta mini jinkirin nan.