Ga mai fara kallon dambe daga turmi na 12

Jiya da daddare an sake maimaita ta, wannan karon har da dariya. Wai Ike Quartey, tsohon zakaran damben duniya ɗan Ghana, hannu ɗaya gare shi, wai ko ƙofar Canastota, zauren karrama gwarazan dambe na duniya da ke Amurka, bai cancanci a buɗe masa ba, wai masu kare shi son kai ne ke damun su don baƙar fata ne ɗan Afirka. Da aka kawo masa lissafi sai ya goge sharhin mutane ya bar nasa. Ba zan kira suna ba, kun san shi, kun kuma san ba yau ya fara ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Matsalar mutumin ɗaya ce tak: daga turmi na 12 yake fara kallon dambe. Guntun bidiyon nan na minti uku da ɗan damben Amurka Oscar De La Hoya ya matse Quartey a jikin igiya a karawarsu ta 1999, shi ne duk jarinsa. Turmi goma sha ɗaya da suka gabace shi bai taɓa zama ya kalla ba, shekaru huɗun da Quartey ya yi da kambu a kugunsa kuwa ko labarinsu bai da shi.

To bari a karanta masa. Ajin welta iyakarsa laba 147, wajen kilo 66 da ɗoriya. Ranar 4 ga Yuni 1994, a ƙasar Faransa, Quartey ya tsayar da Crisanto España a turmi na 11 ya karɓe kambun duniya na hukumar dambe ta WBA. España ba ɗan tsintuwa ba ne. Ba a taɓa doke shi ba kafin ranar, kuma shi ne ya ƙwace kambun daga hannun Meldrick Taylor a 1992. Daga nan Quartey ya kare kambun sau bakwai. Cikinsu akwai Oba Carr, wanda a lokacin Felix Trinidad kaɗai ya taɓa doke shi. Akwai kuma Vince Phillips, a nan nake so a tsaya a saurara da kyau. A Afrilun 1996 Quartey ya gama da Phillips a turmi na 3. Wata goma sha uku bayan haka, wannan Phillips ɗin ya tsayar da Kostya Tszyu a turmi na 10. Tszyu yana cikin zauren gwarazan tun 2011, kuma ya cancanta. Wanda ya kashe masa wuta, Quartey bai kai minti tara a kansa ba. Mai fara kallo daga turmi na 12 ina zai san wannan?

Sai maganar hannu ɗaya. Duk wanda ya kira zungurin hagun Quartey nakasa, ya tona wa kansa asiri. Yawancin 'yan dambe da hagun gaba suke auna tazara, su taɓa su janye. Shi kuwa yana takowa da ƙafar gaba a daidai lokacin da hannun ke fita, nauyin jikinsa duka ya bi kafaɗa, naushin ya sauka kamar na dama. Ga garkuwarsa a sama, safofin hannu biyu manne da kumatu, gwiwar hannu a rufe da haƙarƙari, yana tafe yana rage maka fili. In ka tsaya ka sha hagu, in ka ja baya ka tarar da igiya. Ba a banza aka sa masa Bazooka ba, kuma mai hannu ɗaya ba ya gama da mutum 31 kafin ƙararrawar ƙarshe cikin nasara 37.

Yanzu mu je turmin da ake ta yi mana gori da shi. 13 ga Fabrairu 1999, Las Vegas, kambun hukumar WBC na De La Hoya. Quartey ya shigo ba tare da an taɓa doke shi ba, amma rabonsa da hawa dandali tun Oktoban 1997, wata goma sha shida cur. Karawar da aka shirya masa da Pernell Whitaker a 1998 daga ɓangaren Whitaker ta wargaje, ta De La Hoya kuma an ɗage ta daga Nuwamba saboda De La Hoya ya ji rauni a atisaye. A turmi na 6 kowa ya kai ɗan'uwansa ƙasa. De La Hoya ya fara, Quartey ya miƙe ya rama, ramuwar ma ta fi ta farko nauyi. Alƙalai biyu sun rubuta 116-113 da 116-112 ga De La Hoya, na uku 115-114 ga Quartey. Ɗauki biro. Ƙa'ida ita ce wanda ya ci turmi maki 10, wanda aka ci 9, in an kai shi ƙasa 8. Idan 10-8 aka rubuta a turmin ƙarshe, cire shi ka gani: katin farko ya koma 106-105, na biyu 106-104, na uku 107-104 ga Quartey. Ke nan da aka buga ƙararrawar turmi na 12, tazarar maki ɗaya da maki biyu ce a katunan da suka kayar da shi, a garin da De La Hoya ke cika zaure. A wannan turmin an kai Quartey ƙasa, an yi masa ruwan naushi a kusurwa, bai sake faɗuwa ba, da ƙafafunsa ya ji ƙararrawa. Abin da kake yi wa dariya ke nan.

E, da kai nake yanzu, na gaji da kewaye-kewaye. Kai da ka ce son kai ne, wa ya taɓa ɓoye aibin mutumin? Mun faɗa tun kafin ka buɗe shafi. Quartey yana da laifin zaman banza, har WBA ta karɓe kambunta a 1998 ba tare da an doke shi ba. Yana sassautawa in ya ga yana gaba, ƙarfinsa kuma yana raguwa a ƙarshen faɗa: Jose Luis Lopez ya kai shi ƙasa a turmi na 2 da na 11 a 1997, aka tashi canjaras bayan an fara sanar da cewa Quartey ne ya ci. Bai haɗa kambu biyu ba, bai haɗu da Trinidad ba. Fernando Vargas ya doke shi a 2000 babu gardama, Winky Wright ma haka a ƙarshen 2006, duk a saman nauyinsa na asali. Mu muka kawo waɗannan, kai ko su ba ka kawo ba, don ba sa cikin guntun bidiyonka. Amma ka je ka kalli turmi goman da ya yi da Vernon Forrest a Agustan 2006 a New York, yana da shekara 36, har an cire wa Forrest maki kan naushin ƙasan ciki, ka ji ihun da 'yan kallo suka yi wa alƙalai da aka karanta sakamako. An doke shi sau huɗu a rayuwarsa, biyu daga ciki har gobe ana musu a kansu, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da shi kafin lokaci.

Abin da ke ci mini rai shi ne ma'auni biyu. Zauren Canastota tun 1990 yake karrama mutane, marubuta dambe na Amurka da masana tarihin wasan ne ke jefa ƙuri'a, kuma gurbin 'yan zamani kaɗan ne a kowace shekara. Inda kujera ta yi kaɗan, wanda aka fi gani a talabijin ɗin Amurka shi ake tunawa. Arturo Gatti ya shiga a 2013. Jarumi ne, ba na taɓa mutuncin mamaci, amma an doke shi sau tara, kuma De La Hoya ɗin nan a turmi na 5 ya gama da shi a 2001. Barry McGuigan ya shiga a 2005, sau biyu kacal ya kare kambunsa. Ban ce a fitar da kowa ba. Cewa na yi ƙofar da ta ishe su ta ishi mai kariya bakwai. Shi mutumin namu ranar da aka sa waɗannan bai ce uffan ba, sai da aka zo kan Quartey, yaron unguwar Bukom ta Accra, ya tuna akwai ma'auni.

Wai ai an sa Azumah Nelson a 2004, Ghana ta samu rabonta. Wannan ce ta fi ƙona ni cikin duk abin da ya rubuta jiya. Yaushe zauren ya koma rabon ƙasa-ƙasa? Dick Tiger ya shiga a 1991 da guminsa, Azumah da guminsa, Quartey ma da abin da ya yi a laba 147 za a auna shi, babu ruwan fasfo. Faɗan España yana nan, na Phillips yana nan, na De La Hoya yana nan cikakke. A kunna daga turmi na 1, a riƙe biro da takarda, a rubuta maki turmi bayan turmi, sannan a dawo da sharhin mutanen da aka goge.