"Zounds" rantsuwa ce, ku daina cewa ihu ne

Na ga bidiyon nan da kuke ta turo min, na malamin adabin Turanci da ya gyara zama yana cewa wai "zounds" da "'sblood" a wasannin Shakespeare ihu ne kawai na mutanen da, irin "kash" ko "kai", ɗalibi ya tsallake ya wuce. Madalla da wannan ilimi. Saura a naɗa masa rawani.

Malam, rantsuwa ce, kuma mai nauyi. "Zounds" guntun "God's wounds" ne, wato rantsuwa da raunukan da Kiristoci suka yi imani an ji wa Yesu a kan gicciye. "'Sblood" rantsuwa ce da jininsa. An gutsure sunan Allah daga gaba ne don kada baki ya furta shi ƙarara, amma duk wanda ke tsaye a gidan wasa na Globe a Landan ya san abin da aka ce. Ita kuwa "marry" da ke buɗe magana ba ruwanta da aure, sunan Maryam ne ya koma haka, kuma ta fi sauran sauƙi.

In ihu ne kawai, me ya kai majalisar Ingila kafa doka a kai? A 1606, zamanin Sarki James na ɗaya, aka yi dokar da ta ce duk ɗan wasan da ya ambaci sunan Allah ko Yesu ko Ruhu Mai Tsarki da wasa a kan dandamali, tararsa fam 10, rabi na sarki, rabi na wanda ya kai ƙara. Fam 10 a lokacin, ɗan wasan haya sai ya yi watanni bai tara ba. A kan "kash" ake cin mutum wannan tarar?

Ku duba wasan Shakespeare mai suna Othello. A bugun 1622 kalmar farko da ta fito daga bakin Iago, mugun cikin wasan, ita ce "'Sblood". A babban kundin wasannin Shakespeare na 1623 babu ita, ita da gomman irinta duk an share ko an sassauta. Mutumin da kowa a wasan ke yi wa kirari da mai gaskiya, da ashar na addini ya fara buɗe baki. Ka tsallake wannan, ka tsallake Iago.

Na san masu cewa ai Bature ma yau bai san ma'anarsu ba. Shi ya jiyo. Masu cewa ba za ta fito a jarrabawa ba kuma, Allah ya ba ku sa'a da jarrabawarku.

Abin da ke ƙona min rai, ɗan Bahaushe ya fi kowa saurin gane wannan darasi in an gaya masa gaskiya. Yaron da ya san tazarar da ke tsakanin "aradu" da dafa Alƙur'ani ba ya buƙatar dogon bayani. Minti biyu ya ishe shi. Amma an zaɓi a ce masa surutu ne.

Wai ma wace makaranta ce har yanzu ke sa yara su tashi su yi wasan da bakinsu? Kowa ya koma ga 'yan littattafan taƙaitawa na bakin titi, masu shafi talatin da bango mai sheƙi.